HDD ko SSD: wacce ma'ajiyar bayanai ta waje zan saya?

Assalamu alaikum. Don Allah masana kwamfuta ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki. Makon jiya ma'ajiyata ta HDD (irin mai faifan da ke juyawa a ciki) mai girman tarabayit 1 ta faɗo daga kan tebur tana cikin aiki. Yanzu in na jona ta sai ƙas-ƙas kawai nake ji, kwamfuta ba ta ganinta. Bidiyon kamun wata amarya yana ciki, kuma wallahi ban ajiye shi ko'ina ba. Ban san da wane ido zan kalli iyayenta ba.

Dole in sayi sabuwa. Na san SSD ba ta da faifan da ke juyawa, ta fi jure faɗuwa, ga sauri, amma tsadarta ta yi min yawa. Raina ya fi kwanciya da HDD biyu masu tarabayit 2, in riƙa kwafe komai sau biyu. Hakan ya fi SSD ɗaya?

Babbar HDD mai inci 3.5 ba na sonta, saboda sai an jona ta da wutar lantarki daban take aiki, mu kuwa kun san halin wutarmu.

Sannan yaya ake gane jabu kafin a biya kuɗi? Tsohuwar kuma, akwai fatan ceto abin da ke cikinta?