Wai duk sunan da aka raɗa wa masoya zagi yake komawa?

Malam Sabo: Jiya na kira wani "ɗan gani-kashe-nin Arsenal", sai ya haɗe rai kamar na zage shi. Ni dai a ganina, duk sunan da aka laƙaba wa masu tsananin son abu, komai daɗinsa da farko, ƙarshensa gori ne.

Hauwa: Da gaskiyarka, Malam. Ɗauki "otaku" ta Japan. Asalinta kalmar ladabi ce, kamar a ce "gidanku", masu son anime, wato finafinan zane na Japan, suna kiran juna da ita. A 1983 wani marubuci, Akio Nakamori, ya yi musu ba'a da ita a mujalla. Sai a 1989 aka kama Tsutomu Miyazaki da laifin kashe yara mata huɗu, aka tarar da ɗakinsa cike da dubban kasakasan bidiyo. Jaridu suka manna masa sunan. Mutum ɗaya ya ɓata shi ga kowa.

Bello: Anti Hauwa, ki yi haƙuri, misali ɗaya kika kawo. Ita "fan" ɗin fa? Yawancin masana sun ce daga "fanatic" aka gutsuro ta, ita kuma daga Latin take, wanda ya zautu a ɗakin bauta. Da ita aka riƙa kiran 'yan kallon wasan besbol a Amurka a shekarun 1880. Yau wa zai ji haushi don an ce masa fan? Ga "stan" ma. Sunan waƙar mawaƙin Amurka Eminem ce ta 2000, labarin masoyin da so ya haukata har ya hallaka kansa da budurwarsa. Yanzu yara da bakinsu suke cewa su stan ne, har ƙamus na Merriam-Webster ya shigar da ita a 2019. Wannan ai daga muni ta tashi.

Malam Sabo: Ta tashi, amma ina ta dosa? Ka soki mawaƙinsu sau ɗaya a dandalin X ka gani. Taron dangi za su yi maka, kai kuma ka ce "stan ne, rabu da su". To ba ta koma gidan jiya ba?

Bello: Wannan halinsu ne, ba laifin kalmar ba.

Hauwa: To ai nan gizo ke saƙar. Kalmar ba ta motsa ba, bakin da ya furta ta ne ya bambanta. Mutum ya bugi ƙirji ya ce "ni ɗan a-mutu ne", kirari ya yi wa kansa. Kai ka faɗa masa kana murmushi, ka ce ba ya tunani ke nan. Mutuminka da ya ce shi gani-kashe-ni ne da kansa, Malam, da har tafawa za ku yi.

Malam Sabo: Ban fa yi murmushi ba.

Iliya: Malam, tsakani da Allah, kafin wasa ka faɗa masa ko bayan an ci su?

Malam Sabo: Bayan an ci su.