Tarkona ya daina kama komai tun shigowar Nuwamba

Mai Lambu: Assalamu alaikum. Ina zaune a Norfok, gabashin Ingila, kuma tun bazara nake kunna tarkon fitila a lambu don malam-buɗe-littafin dare. A Yuli sai in tarar da kwalayen ƙwan da na jera a ciki sun cika maƙil. Makon jiya dare uku na kunna, guda biyu kacal na samu. Ƙwan fitilar ne ya gaji, ko lokacin ne ya wuce? Sannan ran Asabar ina so in je bakin teku kallon tsuntsaye. Ina ya fi a wannan watan?

Dattijon Gaɓa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ƙwanka lafiya lau, daren ne ba ka zaɓa ba. Makon jiya sama tangaran take, ga farin wata, ga raɓa na daskarewa a ciyawa. Wa zai fito? Jira daren da gajimare ya rufe, iska ta kwanta, sanyi ya ɗan sassauta. Akwai waɗanda sai yanzu ma suke tashi, irin su Poecilocampa populi mai kaurin gashi kamar ya yafa bargo. Matan Operophtera brumata kuwa kusan ba su da fiffike, kada ka jira su a tarko. Ɗauki tocila bayan magariba ka duba jikin itatuwa, za ka gan su suna hawa.

Uwar Biyu: Malam, in akwai ivy, tsiron nan mai hawa bango, da ya yi fure a katangarka, ka haska shi da dare. Ni a nan na fi ganinsu yanzu. Kuma don Allah kada ka juye tarkon da safe a fili. Wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji ya gane lokacina, kullum yana kan shinge yana jiran karin kumallo. Yanzu sai yamma nake sakinsu cikin ganye.

Dattijon Gaɓa: Batun teku, je Sinetisham, wurin kallon tsuntsaye a gaɓar yammacin Norfok, amma duba jadawalin cikar ruwa tukuna. Sai ranar babbar cika ne ruwa ke koro dubban ƙananan tsuntsayen taɓo daga Wash, babban mashigin tekun da ke gaban wurin, su tashi tare kamar hayaƙi. In cikar ƙarama ce, nesa za ka hango su. Isa kafin gari ya waye, lokacin ne dinyoyi masu ƙafa ruwan hoda, waɗanda suka zo daga Aisilan da Girinlan, ke barin makwancinsu zuwa gonaki. Kukansu za ka fara ji kafin ka gan su.

Mai Lambu: Na gode ƙwarai. Na duba, cikar Asabar ɗin nan ƙarama ce, don haka Kilai, wani wurin kallon tsuntsaye a gaɓar arewacin Norfok, zan nufa in bar Sinetisham sai wani makon. Tarkon kuma an ce Laraba za a yi hadari, zan sake gwadawa.