Neman shawara: na gyara wa ɗana tsayuwa, yanzu maki ya ƙafe masa

Baban Mai Sanda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara, kwana uku ke nan ba na samun barcin kirki. Ni dai a Indiya na koyi kurket, wasan da ake buga ƙwallo da sanda, lokacin da na je karatun haɗa magunguna a Bangalore. Na isa can ƙarshen 2000, ko sunan wasan ban taɓa ji ba. A watan Maris na 2001 aka yi wasan Kolkata tsakanin Indiya da Ostareliya, muna cunkushe a ɗakin kallo na ɗalibai, inda a ɓangaren Indiya Laxman ya yi maki 281, Dravid ya yi 180, suka yini cur Ostareliya ba ta fitar da ko ɗayansu ba. Wani yaro ɗan ɗakinmu har hawaye ya yi. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda Laxman yake murɗa wuyan hannu ya kora ƙwallon Shane Warne, mai jifan Ostareliya, duk inda ya ga dama, shi kuma Dravid sandarsa a miƙe, gwiwar hannu a sama, kai bai motsi. Da zan dawo gida na bar littattafai da yawa a can don in samu wurin sanda a akwati.

Da wannan sandar ɗana ya fara. To amma shi Steve Smith na Ostareliya yake kallo a waya yana kwaikwayonsa. Kafin a saki ƙwallo sai yaron ya tako ya rufe wiket (sandunan nan uku da mai bugu ke karewa) gaba ɗaya, sandar ta sauko a karkace, ya damƙe ta da hannun ƙasa kamar mai riƙe da taɓarya. Ana cewa yana cin maki, ni kuwa in na kalle shi raina ɓaci yake. Sati shida da suka wuce na hana shi, na mayar da shi tsayuwar da na sani. Wasa huɗu ya buga tun nan: 3, 0, 11, 6. Saura sati biyu a zaɓi yaran da za su wakilci jiha. Jiya ko tuwo bai ci da mu ba. In ƙyale shi ya koma yadda yake, ko in daure?

Tsohon Kyaftin:
Wa alaikumus salam. Malam, ka daure, kar ka ja da baya ko taku ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekara talatin ina cikin wasan nan, na ga yara irin naka sun fi a ƙirga. Tendulkar na Indiya ya fara Test, wato wasan kwana biyar tsakanin ƙasashe, yana ɗan shekara 16 a Karachi a 1989, ya buga wasa 200, maki 15,921, ya ci maki ɗari a shiga ɗaya har sau 51. Me ya riƙe shi shekara ashirin da huɗu? Miƙaƙƙiyar sanda da daidaiton ƙafa. Smith idonsa ne jarinsa, irin idon da Allah ke ba mutum ɗaya cikin dubbai. Yaron da ya kwaikwaye shi ba tare da wannan idon ba, LBW, wato fitar da mai bugu in ya tare ƙwallo da ƙafa a gaban wiket, ita ce za ta riƙa mayar da shi benci kullum.

Uwar 'Yan Biyu:
Baban yaro, ba ka faɗa mana shekarunsa ba, kuma nawa yake ci kafin ka taɓa shi? A kan me suke bugawa, siminti ko tabarma? Ni malamar motsa jiki ce, kuma gaskiya sati biyu kafin zaɓe ba lokacin canja wa yaro tsayuwa ba ne.

Baban Mai Sanda:
Hajiya, shekararsa 14. Maki kam yana ci, ban hana ba, amma da yaran unguwa ne. Ni gaba nake hango masa.

Ɗan Sabon Gari:
Yallaɓai Kyaftin, da girmamawa, Chanderpaul fa? Mutumin da yake tsayawa ƙirji a buɗe yana fuskantar mai jifa, har ana kwatanta shi da ƙaguwa. Wasa 164, maki 11,867, matsakaicinsa, wato makin da yakan ci kafin a fitar da shi, ya haura 51. David Gower da kowa ke yabon kyan bugunsa 44 ya tsaya. Ko tagwayen Waugh ka duba: Mark ya fi daɗin kallo nesa ba kusa ba, amma bai kai 42 ba, Steve da ya rage wa kansa salon bugu ya wuce 51. Shi kansa Bradman ba riƙon sanda irin na littafin koyarwa yake yi ba, da ƙwallon golf da sandar wiket ɗaya ya koya a jikin tankin ruwan gidansu, ya gama da 99.94. Kuma ku lura, Smith duk rawar da yake yi, lokacin da ƙwallo ta bar hannun mai jifa kansa a tsaye yake cak. Wannan ake dubawa a jikin yaro.

Tsohon Kyaftin:
Kai yaro ne a wannan harka. Mutum uku ka lissafo cikin shekara ɗari. Kallis fa, ɗari 45? Dravid da ya fuskanci ƙwallo 31,258, fiye da kowa a tarihin Test? Root da ya wuce Ponting a 2025, Tendulkar kaɗai ke gabansa? Duk 'yan miƙaƙƙiyar sanda ne. Ka je ka kalli Sidni, Janairun 2004. Tendulkar ya ga bugun koba (cover drive, kora ƙwallo gaba ta ɓangaren da mai bugu ke fuskanta) ne ke sa ana fitar da shi, sai ya haramta wa kansa shi ɗungurungum, ya yi 241 ba a fitar da shi ba. Wanda ba shi da tushe ba zai iya ajiye makami ɗaya ya ci gaba da yaƙi ba.

Mai Tsaron Wiket:
Ku kuna ta Tendulkar da Smith. Mu a makarantarmu kwalkwali ɗaya ne da yara ashirin, takalmin ƙafa ma rance ake yi. Sau uku na rubuta takarda, aka ce kuɗi na ƙwallon ƙafa ne. Filinmu an yanka rabinsa an yi shaguna. Kuma zaɓen nan da kake tada hankalinka a kai, bara na kai yara biyu da kuɗin motata, sai da muka isa na gane an riga an rubuta sunaye. Na dawo da su cikin dare ban san me zan gaya wa iyayensu ba.

Uwar 'Yan Biyu:
Allah ya kyauta, mu ma haka muke fama. Amma Kyaftin, misalin Sidni ai ya fi goyon bayan yaron. Tendulkar da kansa ya yanke shawarar, ba wani ya tsaya a kansa ba. Smith ma haka: a 2010 a matsayin mai jifa ya shigo, na takwas yake fitowa bugu. A Perth a 2013, ana tsakiyar wasa, ya fara wannan takun don ya kauce wa gajerun ƙwallaye, ya yi ɗari a wasan, ya riƙe abinsa. A 2019, bayan dakatarwar shekara guda, ya ci maki 774 a kan Ingila a wasa huɗu.

Tsohon Kyaftin:
A wannan shekarar ce kuma ƙwallon Archer, mai jifan Ingila, ta same shi a wuya a Lord's ya faɗi ƙasa, bai buga wasa na gaba ba. Hajiya, kina so ɗan mutane ya tako gaban ƙwallo a kan siminti, da kwalkwalin aro?

Ɗan Sabon Gari:
Kyan bugu ma ba ya tsare mutum. Wa ya kai Kohli iya bugun koba? A Ingila a 2014 maki 134 ya haɗa a shiga goma, mai jifansu Anderson na ta ɗauke shi a waje da wiket. Ya gyara ya dawo a 2018 ya yi 593. Amma ciwon ya sake dawowa, daga ƙarshen 2019 har Maris 2023 babu ɗari ko ɗaya a Test, ya yi ritaya a 2025 matsakaicinsa ƙasa da 47. Baban yaro, ka tambaye shi mana, a wace tsayuwa ya fi ganin ƙwallo?

Baban Mai Sanda:
Na gode duka. Amma kamar an ɗauka son raina nake bi. Wallahi ba haka ba ne. Ni na ga wasan nan a inda ake yin sa, na san abin da masu horarwa ke nema. In na ƙyale shi yanzu, ya kai 18 da wannan riƙon, wa zai iya gyara shi? Kuma maganar in tambaye shi, ai na san amsar da zai ba ni. Mahaifiyarsa ma tun safe take min magana ɗaya. Ina tunanin in bar masa takun, in hana shi riƙon kawai.

Tsohon Kyaftin:
Rabi da rabi ya fi komai lalata yaro. Ka kawo min shi ranar Asabar da safe, ƙwallo ɗari biyu a raga, zan miƙar da shi.

Uwar 'Yan Biyu:
Har yanzu dai ba ka faɗi nawa yake ci a da ba.

Baban Mai Sanda:
Asabar akwai ɗaurin aure a gidanmu. Zan duba in ga ko Lahadi za ta yiwu.