Shawarwarin mata 'yan asalin Kanada kan rabuwa da shaye-shaye

In aka tattara abin da mata 'yan asalin Kanada, wato ƙabilun da ke ƙasar tun kafin zuwan Turawa, ke faɗa wa juna kan barin giya da ƙwaya, maganar da ta fi yawa ita ce a fara duba ciwon da ke zuciya. A da, yaran waɗannan ƙabilu kusan 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana na gwamnati da coci, aka hana su yarensu, wasu aka ci zarafinsu. Jikokinsu na ɗauke da wannan tabo har yau.

Matan sukan daɗe a kan batun 'ya'ya, kuma nan ne ya fi taɓa ni. Uwa kan ɓoye halinta don tsoron hukuma ta ƙwace mata yara, sai ta ƙi neman taimako. Shi ya sa suka ce a nemi wurin jinyar da ke karɓar uwa da ɗanta. Sukan tuna da Phyllis Chelsea ta ƙauyen Alkali Lake, wadda ta bar giya a 1972 bayan 'yarta, ƙaramar yarinya, ta ƙi komawa gida saboda shan giyar iyayenta. Sannu a hankali yawancin ƙauyen suka bi sahu.

Sai shawarar komawa ga al'adunsu: dattijai mata, da ganga, da bukkar gumi (bukkar da ake shiga a yi gumi da addu'a), da yaren kakanni.

Amma ba su yar da asibiti ba. Wadda ta daɗe tana shan giya sosai kada ta yanke lokaci guda ba likita, don jijjiga na iya kashe ta. Mai shan ƙwayoyin opioid (masu kashe zafin ciwo da sa maye) ta ajiye naloxone a kusa, wato maganin da ke farfaɗo da wanda ya sha su fiye da ƙima. In kuma ta koma ruwa, 'yan uwa su buɗe mata ƙofa, su raka ta wurin jinya.