Kula da kwamfutocin ma'aikata ko zane a kwamfuta: ta ina mai koyo da kansa zai fara?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina bin darussa a YouTube kan kula da kwamfutoci da hanyoyin sadarwa na ma'aikata, da kuma zane a kwamfuta. Duk abin da malamin ya yi ina gane shi muddin ina kallo, amma da zarar na rufe bidiyon sai in rasa inda zan sa hannu. Ba ni da wurin aikin da za a damƙa mini saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) ko rauta (na'urar da ke haɗa hanyoyin sadarwa) in gwada, laftof ne kawai gare ni mai RAM (ma'adanar aiki ta wucin gadi) 8 GB. Shin wannan zai ishe ni samun ƙwarewar hannu? Ya dace in haɗa fannonin biyu, ko in jingine ɗaya tukuna? Wasu kuma sun ce sai da takardar shaida ake ɗaukar mutum aiki.

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam. Laftof ɗinka ya isa, ɗan'uwa, abin da ya rage shi ne ka rage kallo ka ƙara taɓawa. Ka sauke VirtualBox, manhaja ce ta kyauta da ke ba ka damar kunna wata kwamfuta a cikin taka, ka ɗora mata Ubuntu Server, tsarin sarrafa kwamfuta na Linux da aka yi don saba, wanda ba ya zuwa da hotuna ko maɓallan dannawa, sai baƙin allo da kake rubuta umarni a kai. Ka ware mata 2 GB na RAM, sannan ka ƙirƙiri ta biyu domin su riƙa magana da juna. Daga nan ka ba kanka irin aikin da ake ba ma'aikaci na gaske: ka buɗe wa mutum uku asusu, ka yi folda wadda biyu za su iya rubutu a ciki na ukun kuma karantawa kaɗai, ka shiga ɗaya kwamfutar daga ɗayar ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa cikin sirri, ka kuma hana shiga da kalmar sirri sai da mabuɗin SSH, wato fayil na sirri da ke tabbatar da cewa kai ne.

Inda ƙwarewar take shi ne ɓatawa da gangan. VirtualBox yana iya adana yanayin kwamfutar kamar yadda take, don haka ka adana, sannan ka sauya adireshin sabar DNS, wadda ke fassara sunan shafi zuwa adireshi, ka sa wanda babu shi. Za ka ga idan ka rubuta ping 8.8.8.8, umarnin gwada ko ana isa wannan adireshin, amsa tana dawowa, amma idan ka rubuta sunan wani shafi sai ta ce ba ta san shi ba. Wanda ya ga wannan da idonsa, ranar da aka ce masa "intanet ya ɗauke" a ofis ba zai fara da cire wayoyi ba, zai fara tantance ko hanyar ce ta yanke ko fassara suna zuwa adireshi ce ta tsaya. Ka kuma saba da karanta rahoton da kwamfutar ke rubutawa game da kanta ta umarnin journalctl, domin galibi ta riga ta faɗi ciwonta a can.

Abin da masu koyo suka fi tsallakewa shi ne kwafin ajiya. Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Amma kwafin da ba ka taɓa gwada dawo da shi ba, ban ɗauke shi kwafi ba. Ka goge foldar, ka dawo da ita, ka rubuta matakan da ka bi.

Malama_Zayyana:

Ni zan yi magana kan zane. Kada ka tsaya jiran Photoshop. Inkscape da GIMP kyauta ne, Figma ma, wanda ake zana shafukan intanet da shi, yana da tsarin da ba a biya. Abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne sanin inda aikin zai ƙare. Tambari ana zana shi da layuka a Inkscape a adana shi a SVG, ta yadda ko an faɗaɗa shi ya cika bango ba zai dushe ba, alhali hoton da aka gina da ɗigo-ɗigo yana farfashewa. Allo yana haɗa launi da haske, wato RGB, maɗaba'a kuma da tawada huɗu, wato CMYK, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli da ka gani a allo yakan fito a takarda ya yi sanyi. Abin da za a buga a riƙe a hannu yana son ɗigo 300 a kowane inci, da rarar milimita 3 a gefuna saboda yankan takarda.

Ka samo wata sanarwa mai cunkoso, ka sake tsara ta da salon harafi biyu kacal, ka buga ta a firinta, ka miƙa wa wanda bai san abin da ke ciki ba ka ga abin da idonsa ya fara sauka a kai. Idan kwanan wata ne ya kamata ya fara gani amma ya ga ado, aikin bai yi ba. Game da haɗa fannonin kuwa, ra'ayina ka riƙe ɗaya da ƙarfi, domin ba a gudu ana susar ɗuwawu.

Abu_Sadarwa:

Da izinin Malama, ban yarda sai an jingine ɗaya gaba ɗaya ba, domin akwai inda fannonin suke haɗuwa. Ka zana shafin da zai nuna ayyukanka a Figma, ka rubuta shi da HTML da CSS, harsunan da ake gina shafin intanet da su, ka ɗora shi a kan sabar da ka gina da Nginx, manhajar da ke miƙa shafi ga masu ziyara. Aiki ɗaya ya nuna hannunka a wurare biyu.

Batun takardar shaida, tana taimakawa wajen sa a kira ka ganawa, amma a ganawar za a tambaye ka abin da za ka yi idan firinta ta ƙi bugawa. CompTIA A+ jarrabawa biyu ce, CCNA ta Cisco kuma ɗaya ce mai lamba 200-301, kowace tana aiki shekara uku kafin a sabunta ta. Ko ba ka shirya biya ba, jerin batutuwan jarrabawar yana shafukansu kyauta, sai ka mai da shi manhajar karatunka. Packet Tracer ma, mai kwaikwayon hanyar sadarwa a allo, ana samun sa kyauta ta Cisco Networking Academy, kuma a cikinsa za ka jona rauta da kwamfutoci har ka gane dalilin da ya sa rukunin adireshi da ake rubuta wa /24 ke ba da adireshi 254 da za a iya rabawa.

Mai_Neman_Sani:

Allah ya saka da alheri, na fara da Ubuntu Server. Yawancin ofisoshi kuwa Windows suke amfani da shi. Shin laftof ɗina zai ɗauki wannan ma?

Tsohon_Hannu:

Zai ɗauka idan ka kashe sauran kwamfutocin na ciki kafin ka kunna shi. Microsoft yana ba da Windows Server na gwaji na kwana 180, wanda ya ishe ka koyon Active Directory, inda ake buɗe wa ma'aikata asusu a kuma sauya musu kalmar sirri idan sun manta. Idan ka ga laftof ɗin yana jan ƙafa, ka duba ko yana karɓar ƙarin RAM zuwa 16 GB, kuma idan tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, ka fara sauya shi da SSD, ma'adana mai sauri wadda ba ta juyawa.