Phragmos: shinge ne ko katanga? Wa ya taɓa koyar da ayoyin nan?

Mai buɗe zance: 'Yan'uwa, ranar Laraba zan bi da nazari a kan Afisawa 2:14, inda Bulus ya ce Almasihu ya rushe shingen da ya raba Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba. Na ga kalmar Girkancin da ke wurin, phragmos, ita ce kuma a Matiyu 21:33, Markus 12:1 da Luka 14:23, sau 4 ke nan a Sabon Alkawari. Waɗanda suka taɓa koyar da ita, yaya kuka ƙare da jama'a?

Mai bishara, Kafanchan: Ni dai na sha tambaya. Ina cewa Almasihu ya rushe shingen, sai wani dattijo ya ɗaga hannu: "Malam, wa ke murna an rushe masa shinge? Awaki za su cinye rogon." Aka yi dariya, amma Baba yana da hujja. A Matiyu da Markus mai gonar inabi ne da kansa ya kewaye ta da shinge, ya haƙa wurin matsewa, ya gina hasumiya. A Ishaya 5:5 ma cire shingen hukunci ne. Na ce masa, "Baba, ku duba Afisawa 2:15, abin da aka rushe ƙiyayya ce." Bai gamsu sosai ba. Har yau in mun haɗu sai ya ce, "Ina awakinka?"

Mama, zumuntar mata, Maraɗi: Mu nan darni muka ce. Luka 14 muka karanta, inda aka aiki bawa kan hanyoyi da bakin shingaye. Wata tsohuwa ta ce ai ta san su, masu kwana jikin darnin mutane don sanyin hunturu. Ba mu buƙaci Girkanci ba.

Ɗalibin tauhidi, Jos: Na taɓa ganin dutsen gargaɗin Haikali a gidan tarihi na Istanbul, wanda aka gano a Urushalima a 1871. An sassaƙa da Girkanci cewa duk wanda ba Bayahude ba da ya ƙetare shingen Haikalin, alhakin mutuwarsa na wuyansa. Tun daga nan nake haɗa shi da Ayyukan Manzanni 21, inda aka tayar wa Bulus tarzoma don zaton ya shigar da Tarofimas mutumin Afisa, wanda ba Bayahude ba ne, cikin Haikali.

Fasto mai ritaya, Wusasa: Ɗana, ka yi hattara. Kalmar da ke jikin dutsen ba phragmos ba ce, wata ce daban. Masana da yawa suna ganin Shari'ar Musa Bulus yake nufi da shingen, da dokokinta da suka raba Bayahude da sauran al'ummai har a wurin cin abinci. Ina kawo dutsen a wa'azi, amma a matsayin misali kawai.

Mai buɗe zance: Na gode, Baba. To zan fara da Ishaya, tunda rabin ajin manoma ne.