Idan manhajar buɗaɗɗiyar na'ura ta samu tangarɗa, wa ke amsa kira? Musayar gogewa

Maƙerin Allo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na buɗe wannan zare ne domin mu tattara abin da kowannenmu ya gani da idonsa a yanayi guda ɗaya, wato lokacin da manhajar da ke tafiyar da wata buɗaɗɗiyar na'ura ta daina aiki yadda ya kamata, alhali masu kula da ita 'yan sa-kai ne da ba a biyansu albashi. Ina magana ne a kan na'urorin da aka saki zanensu da jerin kayan haɗinsu ga kowa, kamar ƙananan allunan lantarki na Arduino da aka fara a Ivrea ta ƙasar Italiya a 2005, da firintocin 3D na RepRap, masu ƙera abu da narkakkiyar roba, da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a shekarar 2005 ɗin.

Abin da na lura da shi shi ne zanen allon ne ke jan hankalin yawancinmu, amma wahalar da ke biyo baya kusan duk daga manhaja take fitowa. Allo idan an ƙera shi ya tsaya a yadda yake, manhajarsa kuwa tana sauyawa ba dare ba rana, haka ma kwamfutar da ake haɗa shi da ita. Ko shaidar da OSHWA, ƙungiyar masu buɗaɗɗun na'urori, ta fara bayarwa a 2016, abin da take tabbatarwa shi ne an buɗe zanen bisa ƙa'ida, ba ta yi alkawarin inganci ba, ba ta kuma ce akwai wanda zai amsa tambaya ba. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya same shi, da inda ya kai kukansa, da amsar da ya samu, ba tare da kama sunan wanda yake ganin ya gaza ba.

Mai Firintar 3D:

Wa alaikumus salam. Tawa matsalar ta faru ne da firintar da na saya daga wani kamfani, wadda aka tallata cewa tana aiki da Marlin, manhajar ciki da Erik van der Zalm ya fara a 2011 kuma har yau 'yan sa-kai ke ɗauke da nauyinta. Ina tsaka da aiki sai na ga lambar zafi a fuskar injin tana sauka, alhali bakin da ke narkar da roba yana ƙara zafi har ya soma wari. Ashe ɗan ƙaramin ma'aunin zafi ne ya zame daga ramin da aka soka shi, injin ya zaci bakin ya huce, sai ya ci gaba da tura masa wuta. Marlin tana da kariya domin irin wannan haɗari, wadda ke yanke wutar idan zafin da ake aunawa ya saɓa da wutar da ake turawa, amma a kwafin da kamfanin ya ɗora an kashe wannan kariya.

Da na shigar da ƙorafi a GitHub, shafin da ake ajiye tushen manhajar ana kuma karɓar ƙorafi, abu na farko da aka nema shi ne in tura wa injin umarnin M115 in kawo abin da ya amsa, sannan in haɗa da fayilolin Configuration.h da Configuration_adv.h. Amsar injin ta nuna tsohuwar siga ce ƙwarai, fayilolin kuma ba ni da su, domin kamfanin bai taɓa sakin su ba duk da cewa lasisin GPL, wanda aka saki Marlin da shi, ya wajabta masa bai wa mai saye tushen manhajar. Wani daga cikin masu kula da aikin ya amsa mini cikin ladabi cewa ba za su iya gyara kwafin da ba su taɓa gani ba, in ɗora sabuwar siga, idan matsalar ta dawo sai in sake magana. A lokacin na ji kamar an sallame ni ne kawai, amma da na duba yawan ƙorafe-ƙorafen da ke jiran amsa sai na ga babu wata amsa da ta fi wannan dacewa.

Ɗora sabuwar sigar ita ma ta zo da nata ciwon kai. Na bi bayanin allona daki-daki, manhajar ta haɗu ba tare da kuskure ba, na ɗora, sai fuskar injin ta yi fari fat. Wani mai amfani da irin wannan allo, wanda ba ya cikin masu kula da aikin kwata-kwata, shi ya ce in haska fitila a kan babban cif ɗin in karanto masa haruffan da ke jikinsa. Maimakon STM32 da takarda ta ce, GD32 ne a wurin. A shekarun ƙarancin cif da suka biyo bayan 2020 kamfanoni da dama sun sauya irin waɗannan kayan, nawa kuma ya sauya ba tare da canza sunan allon ba. Wannan bawan Allah ya riga ya sha irin wahalar, ya ba ni saitin da ya yi masa aiki, kuma da shi firintar ke tafiya har yanzu.

Malamar Kimiyya:

Ni da ɗalibai nake aiki, kuma abin da ya fi damuna ba lalacewar manhaja ba ne, a'a, sauyawarta ne a tsakiyar zangon karatu. Muna amfani da allunan kwaikwayon Arduino Uno masu cif ɗin CH340, waɗanda a wasu kwamfutoci sai an ɗora musu direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon, kafin a gan su, wannan kuwa mun saba da shi. Matsalar ta zo ne daga wata laburare, wato shiryayyen guntun manhaja da ake saukewa, ta karanta ma'aunin zafi da laima na DHT22. Darasin da ya yi aiki lami lafiya a bara, bana sai rabin ajin suka riƙa ganin kalmar "nan", gajarcen Turanci mai nufin "ba lamba ba ce", tana jeruwa a fuska maimakon lamba. Da na bincika na gano cewa ɗaliban da suka sauke laburaren daga baya sun samu sabuwar siga, wadda ta sauya yadda ake jiran ma'aunin, shi kuwa DHT22 ba a karanta shi fiye da sau ɗaya a cikin daƙiƙa biyu.

Na rubuta wa mai laburaren, ban samu amsa ba, kuma na ga ƙorafin wasu a gabana da suka daɗe suna jira. Ba na zarginsa, wataƙila rayuwa ce ta ja shi wani wuri. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mutane da yawa sun kwafi aikin nasa, kowa ya gyara abin da ya dame shi a nasa kwafin, babu wanda ya tsaya ya haɗa gyare-gyaren wuri guda, sai mai neman mafita ya rasa wanne zai ɗauka. Kasancewar laburare a cikin jerin da manhajar Arduino ke nunawa ba shaida ce cewa an gwada ta a kan kowane allo ba, ɗalibi kuwa da ya gan ta a can yakan ɗauka hukuma ce ta amince da ita. Yanzu nakan ajiye kwafin sigar da na gwada da hannuna, in rubuta lambarta a saman takardar darasi, in hana sabuntawa har zango ya ƙare.

Mai Kula da Aiki:

Malama, abin da kika yi shi ne daidai, kuma da kowa zai rubuta lambar sigar da yake amfani da ita da rabin wahalarmu ta ragu. Bari in yi magana daga ɗaya ɓangaren, domin ina cikin masu kula da manhajar wani ƙaramin allon auna yanayi, kuma da dare nake yin aikin bayan na tashi daga wanda ake biyana.

Abin da masu amfani ba sa gani shi ne bambancin gwada manhajar kwamfuta da gwada manhajar na'ura. Muna da gwaji mai sarrafa kansa da ke tashi duk lokacin da aka miƙo gyara, amma iyakar abin da yake tabbatarwa shi ne rubutun ya haɗu ba tare da kuskure ba. Ba ya iya sanin ko ma'auni zai karanta daidai idan batir ya yi ƙasa, ko allo zai farka daga barci bayan kwana da kwanaki. Wannan sai an haɗa allon na gaske, a zauna a jira. A kan teburina akwai allunan da na ƙera da waɗanda aka aiko mini, amma masu kwaikwayo sun fitar da nau'o'in da ban taɓa riƙewa ba, kowanne da abin da aka rage ko aka sauya domin arha. Idan mai irin wannan allo ya rubuto "ba ya aiki, a taimaka", babu abin da zan iya yi sai tambayoyi, kuma sau da yawa ba ya dawowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, allon yana hannunsa, ni hoto da bayanan da ya kwafo kawai nake gani.

Akwai kuma abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, wato masu sayar da allo su karɓi kuɗin, sannan su rubuta a takardar kaya cewa mai neman taimako ya tuntuɓi "al'umma". Al'ummar nan mutum uku ne ko huɗu da suka gaji. Lasisin da muke saki da shi ya faɗi ƙarara cewa babu garanti, amma wanda ya biya kuɗi yakan zo mana da muryar mai saye, ba ya sanin cewa ko sisi bai iso gare mu ba.

Ayyukan da kuke gani suna da inganci mai ɗorewa, idan kun duba za ku tarar akwai wanda ake biya a bayansu. KiCad, manhajar zana allunan lantarki da Jean-Pierre Charras ya fara a 1992, ta samu ƙarfi sosai bayan cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, ta sa ma'aikatanta a ciki daga 2013. OctoPrint kuma, manhajar sarrafa firintar 3D daga nesa, Gina Häußge ce ke aikinta a matsayin sana'a, da gudummawar masu amfani tun 2016. Inda babu irin wannan tallafi gajiya kan yi illa, kuma mun ga iyakar haɗarin a watan Maris na 2024, lokacin da Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse a cikin xz, manhajar matse fayiloli, wadda aka dasa bayan an daɗe ana matsa wa mai kula da aikin lamba har ya ba wani baƙo iko.

Mai Gyaran Rawuta:

Malam Mai Kula, na yarda da yawancin bayaninka, amma ina da ja a wuri guda. Rashin albashi yana bayyana jinkirin amsa, bai bayyana rashin faɗin gaskiya a rubuce ba. Ni da OpenWrt na fi aiki, manhajar da ake ɗorawa a rawuta, wato na'urar rarraba intanet, wadda ta samo asali a 2004 daga tushen manhajar rawutar Linksys WRT54G, kuma abin da ya sa nake girmama aikin shi ne suna faɗa wa mutum matsayin na'urarsa tun kafin ya taɓa ta. Jadawalin na'urorinsu yana bambanta fitowar farko da ta biyu ta rawuta mai suna ɗaya, domin sau da yawa cif ɗin ciki daban ne. Da suka ga na'urori masu megabait 4 na ma'aji da 32 na ƙwaƙwalwar aiki ba za su iya ɗaukar sabuwar manhaja ba, sun sanar cewa siga ta 19.07 ce ta ƙarshe gare su. Mutane sun yi gunaguni, amma kowa ya san inda ya tsaya.

Ka kwatanta da wani ƙaramin aiki da na gwada, wanda shafinsa ya jera rawutata cikin waɗanda ake tallafawa. Na ɗora manhajar, rawutar ta mutu, fitila ɗaya ce kawai ke ƙiftawa. Sai da na buɗe murfin, na haɗa wayoyi uku da dalma a ƙafafun TX da RX da GND da ake haɗa ta da kwamfuta ta kansu, na karanta abin da take faɗa, sannan na ceto ta. Daga baya na tarar an san da matsalar tuntuni, an tattauna ta a ɗakin hira na Discord, inda injin bincike ba ya kaiwa, kuma saƙo kan nutse cikin kwana biyu. Rubuta layi ɗaya a shafin aikin cewa ba a gwada wannan na'ura a sabuwar siga ba, ba ya buƙatar kuɗi.

Mai Kula da Aiki:

Ɗan'uwa, wannan gyara ne kuma na karɓa, domin mu ma jerinmu yana haɗa abin da aka gwada da abin da ake zaton zai yi aiki. Abin da ke hana mu cire suna shi ne tsoron ɓata wa wanda ya kawo tallafin allon rai, ko da ya daɗe da ɓacewa. Zan kai wa sauran abokan aiki shawarar a raba jerin gida uku: allunan da ke hannunmu muke gwadawa kafin kowace siga, waɗanda wani mai amfani ya yi alkawarin gwadawa, da waɗanda babu mai gwada su. Gida na biyu shi ne inda muke da ƙarancin mutane, kuma ba ya buƙatar iya rubuta manhaja, sai dai mutum ya ɗora sigar gwaji idan an sanar, ya bar allon ya yi aiki, ya kawo rahoto.

Malamar Kimiyya:

Idan haka ne, aji irin nawa zai iya shiga gida na biyu, tunda allunan kwaikwayo iri-iri ne a hannunmu, kuma rubuta rahoto mai tsabta darasi ne da ɗalibai ke buƙata. Sharaɗina kawai shi ne a riƙa sanar da sigar gwaji da wuri, a kuma rubuta ainihin abin da ake so a duba, domin ba zan sa yara su sabunta komai a makon jarrabawa ba. Malam, ka turo mini samfurin rahoton da kuke so a cika in duba ko ya dace da matakinsu.